Yadda Ƙanin Mijina Ya Koya wa Layinmu Kwamfot

Shekara ashirin da biyu ina sayar da tangaran a kasuwa, kuma har yau ba a haifi wanda ya ɗauki farantina a kuɗin da ya fara tayawa ba. Wannan kowa ya sani. Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar min shago ɗaya, 'ya'ya uku da ƙaninsa. Shagon ya ciyar da mu, 'ya'yan sun girma sun kama gabansu. Ƙanin ne dai har yanzu nake neman amfaninsa.

Ƙamus ake ce masa. Ya taɓa yin gadin wata bakwai a wani kantin littattafai. Ranar da aka sallame shi ya fito da wani tsohon ƙamus na Turanci da masu kantin suka jefar, ba bango, ba farko, ba ƙarshe. Tun daga ranar ya daina gaisawa irin ta mutane. In ka ce masa ina kwana, sai ya tsayar da kai a rana ya tambaye ka ko ka san asalin kalmar kwana.

To, an gama sabon ginin kasuwa, za a kwashe mu gaba ɗaya a mai da mu can. A ginin akwai shago ɗaya na kusurwa, daidai bakin ƙofa, mai fuska biyu, duk wanda ya shigo sai ya bi ta gabansa. Ni na san nawa ne. Akwai kuma wata a layin bayanmu, Mai Robobi, mai sayar da bokiti da kofunan roba, ita ma wai ta san nata ne. Muryarta kamar ta haɗiye lasifika.

Ranar Asabar akawun hukumar kasuwa ya bi layi-layi yana raba takarda. Da Turanci aka rubuta. Ni Hausa ma sai na bi da yatsa. Mu huɗu ne manyan layinmu: ni, da Mai Ƙwai da ke dama da ni, da Tela da ke hagu, sai Baba Mai Fulawa a can ƙarshe, shi yana haɗawa da sayar da man girki. Muna tsaye muna juya takardar sai ga Ƙamus kamar an aiko shi, littafinsa a hammata.

"Matar yaya, kawo nan. Wannan ba aikin masu ƙirga faranti ba ne."

Ya ɗora tabaransa mai ƙafa ɗaya, ɗaya gefen zare ne ya ɗaure a kunne. Ya yi gyaran murya har sau uku.

"Ranar Alhamis kwamiti zai zo. Za su zaga su ga yadda kowa ke sana'arsa, sannan su raba shaguna." Sai ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa sama. "Af! Ga inda maganar take. Layin ƙarshe. An ce dole kowa ya yi kwamfot."

"Ya yi me?" in ji Mai Ƙwai.

"Kwamfot."

"Saye ake yi ko a ofis ake karɓa?"

Ya dube ta kamar ya ga kaza ta shigo aji. Ya buɗe littafin, ya lashi yatsa, ya yi ta juya shafuka har ya kai wurin. Ni ina gefensa, na ga shafin da idona. Ɓera ya cinye rabinsa na sama. Layi biyu kawai suka rage a ƙasa.

"Ƙamus, ina sauran?"

"Abin da ɓera ya ci ma'ana ce kawai. Ma'ana ai ta 'yan koyo ce. Mu masana asali muke bi, kuma ga asalin nan lafiyarsa ƙalau." Ya buga shafin da bayan hannu. "Daga Latinanci ta fito. Kalma biyu aka haɗa, ɗaya tana nufin tare, ɗaya tana nufin ɗauka. Daga can ta bi ta Faransanci, ta ɗan huta, sannan ta ƙetara Turanci."

"To, sannunta da tafiya," na ce. "Me aka ce mu ɗauka?"

"Kanku, matar yaya."

"Da a ina ka ga na ajiye nawa?"

Tela, mutum mai sanyin hali, ya ce, "Ni da za ku bi tawa, ga akawun can bai yi nisa ba. A kira shi a tambaye shi me yake nufi."

"Madalla!" in ji Ƙamus. "Je ka. Je ka gaya wa hukuma da bakinka cewa layin nan ba wanda ya san kwamfot. Ka san inda ake ba jahilai shago? Kusa da banɗaki. Ka yi ta ɗinki kana toshe hanci."

Na ɗaga kai, sai na ga Mai Robobi ta leƙo ta tsakanin rumfuna, ta kasa kunne. Nan take na yanke. Ni, a ce na bi akawu da gudu ina tambayar ma'ana a gaban wannan matar? Allah ya kiyaye.

"Nawa za ka koya mana?"

Ya nemi saitin faranti goma sha biyu masu bakin zinare. Na ce masa ko yayansa, da ya aure ni, bai taɓa cin abinci a cikinsu ba. Ya sauko shida, na juya masa baya. Ya sauko uku, na kama kaɗe ƙura. Muka daidaita a kan kofi ɗaya marar hannu da abincin rana na kwana huɗu, ba nama. Ya ce an cuci ilimi. Na ce ilimin ma rabi ne, ɓera ya riga ni.

Ranar Lahadi da sassafe, kafin kasuwa ta cika, ya jera mu a tsakiyar layi, usur a wuyansa.

"Darasi na ɗaya, ɗauka. Mai kwamfot yana ɗauke da kansa kamar kayan fashewa. Haɓa sama. Ido ba ya kallon ƙasa. Ƙasa ta talakawa ce."

Kowa ya ɗora wani abu a ka. Ni tire, Tela dutsen guga, Mai Ƙwai kiret guda, Baba mudun awo. Ya busa, muka tafi. Taku bakwai Baba ya yi cikin mutunci, na takwas ya yi shi a cikin kwata. Mai Ƙwai ta waiwaya ta ga me ya faru, kiret bai waiwaya tare da ita ba.

"Wayyo ƙwaina!"

"Kada ki damu," in ji Ƙamus. "Duk ƙwan da ya fashe da ma ba shi da kwamfot."

"Uwarsa ce ba ta koya masa ba ko? Zo ka faɗa wa kazar!"

Baba ya fito daga kwata da takalmi ɗaya, ya ce shi shekara sittin yana kallon ƙasa kuma ba ta taɓa cin amanarsa ba sai yau da ya raina ta.

Ranar Litinin aka shiga darasi na biyu.

"Mai kwamfot ba ya kiran ciniki. Ciniki ne ke nemansa. Ku zauna cak, hannu a gwiwa. Ba dariya, ba ɗaure fuska, ba ‘zo ki gani, 'yar uwa’."

"A cikin layi biyun da ɓera ya bari ka ga duk wannan?" in ji Tela.

"Wanda ya san asali ya san reshe. Zauna."

Muka zauna. Layin da ko kurma ya shigo sai ya toshe kunne ya koma tsit, ba ka jin komai sai ƙuda. Masu saye suka riƙa zuwa bakin layi, su leƙo, su rage tafiya, su koma da baya. Wata mata da ta fi shekara goma tana sayen kofuna a wurina ta ƙaraso a hankali, ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna.

"Sannu da haƙuri. Wa aka rasa?"

Na buɗe baki, sai na ji usur a bayana. Na rufe. Matar ta share hawaye, ta ce Allah ya ba mu dangana, ta wuce wurin Tela ta yi masa nasa. Kafin azahar mutum tara suka yi mana gaisuwa. Wani ma ya ajiye wa Baba lemo.

Daga layin baya kuwa sai muryar Mai Robobi ke tashi: "Ku zagayo nan, jama'a! Masu rai suna nan baya! Bokiti, baho, kofi, ga mai shago tana numfashi!"

Na ce, "Ƙamus, kana jin matar nan?"

"Bar ta, matar yaya. Da bakinta take haƙa wa kanta shagon banɗaki. Ranar Alhamis za ki gode min."

Ranar Talata ya zo da abin da ya kusa kai ni asibiti.

"Darasi na uku. Ba ciniki."

"Ba me?"

"Jayayya ce, kuma jayayya ba kwamfot ba ce. Ki faɗi kuɗin kaya sau ɗaya, a hankali. In an taya, ki sunkuyar da kai kawai. Kada ki ƙara ko uffan."

"Ƙamus, ka ce in daina numfashi mana, ya fi sauƙi."

"Kina son kusurwa ko ba kya so?"

Ina so. Na koma shago na zauna.

Ba a jima ba sai ga wani mai ƙaton agogo, irin waɗanda ke taya kaya suna kallon waya. Ya ɗauki babban farantina mai zanen ganye. Na faɗi kuɗi sau ɗaya, a hankali, kamar marar lafiya. Ya taya rabi. Rabi! A ranar da nake ni, da sai ya ji tarihin farantin tun daga ƙasar da aka gina shi, da sai ya ba ni haƙuri ya ƙara da na mota. Amma na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka na sallama, ya sa hannu a aljihu. Na cafke gefen farantin. Ya ja. Na ja. Ba wanda ya ce komai. Ƙamus yana bayana yana raɗa, "Kwamfot, matar yaya, kwamfot." Mutumin ya dubi idona, ban san me ya gani a ciki ba, ya saki ba sanarwa. Na tafi da baya na zauna daram a kan kiret biyu na Mai Ƙwai.

"Yaya," in ji ta, "ni me na yi wa Latinanci?"

Da na koma gida da yamma kaina kamar zai tsage, maganganun da na haɗiye duk sun taru a maƙogwaro. Sai da na tsaya gaban madubi na taya ɗankwalin kaina, na ƙi sallamawa, na zagi mai tayawa, sannan na samu na ci abinci.

Ranar Laraba Ƙamus ya iso da sabuwar hula da murmushin wanda ya yi mafarki mai kyau.

"Kun ƙware a ɗauka. Saura tare. Nan ne za mu kashe bakin kowa."

Ga shirin. Za a cire saman teburin yankan Tela, wani dogon katako da ya kai tsawon mutum biyu. Kowa zai ɗora mafi kyawun kayansa a kai. Mu huɗu za mu ɗauka a ka, mu taka tare da busar usur, mu tari kwamiti a bakin layi. Shi zai shige gaba yana jawabi a kan asalin kalmar.

"Da sun gani za su san layin nan ba kwamfot kawai ya sani ba, har kakanninta ya sani."

"Ni dogo ne, Baba gajere," in ji Tela. "Katakon zai karkata."

"Shi ya sa kai tela ne, ni masani. A yi wa Baba gammo."

Aka naɗe yadi biyar na mutane aka ɗora wa Baba a ka, har ya koma kamar tukunya da murfi. Muka gwada da katako ba kaya, daga shagona zuwa bakin layi. Ya tafi daidai. Tela ya ce a gwada da kaya.

"Masana ba sa maimaita abin da ya yi kyau."

Niyyata in ba da tsofaffin faranti masu ɗan tsagu, wa zai duba? Sai Mai Robobi ta wuce tana gaya wa wata, da ƙarfi yadda zan ji, wai ai ni kwantai nake sayarwa, kayan da suka ga zamanin kakarta. Na shiga ciki na sauko da saitin bakin zinare gaba ɗaya, da babban kwanon miya na tangaran mai murfi wanda ko ƙura ba na bari ta zauna masa.

Alhamis, ƙarfe goma. Katako a kanmu. Ni da Tela a gaba, Mai Ƙwai da Baba a baya. A sama akwai tangaran ɗina, kiret huɗu na ƙwai, buhun fulawa a buɗe don a ga farinta, galan na man girki, da riguna uku da Tela ya goge. Muka fuskanci bakin layi. Ƙamus yana gabanmu da littafi a hannu, usur a baki.

Minti goma. Minti ashirin. Wuyana ya fara magana.

"Ƙamus, ina suke?"

"Manya ba sa sauri. Haɓa sama."

Sai muka ji gyaran murya a bayanmu. Ashe kwamiti ta ƙofar baya suka shigo. Sun gama da layin Mai Robobi, sun ɓullo ta ƙarshen namu, suna tsaye suna kallon ƙeyarmu. Shugabarsu wata mace ce doguwa cikin fararen kaya, da tabarau. Akawu na gefenta da fayil, sai maza biyu masu ɗauke da biro.

Ƙamus ya zaro ido. Ya busa usur. "A juya!"

Juyawa kuwa ba ta cikin darasi. Faɗin layinmu bai kai tsawon katakon ba, wannan ko akuya ta sani. Ni na yi dama. Tela ya yi hagu. Mai Ƙwai ta tsaya tana tambaya, "Damar wa?" Baba, da gammo ya rufe masa kunne, bai ji komai ba, ya ci gaba da tafiya gaba abinsa.

Ƙamus ya kutsa ta ƙarƙashin katakon ya ɓulla gaban shugaba, ya buɗe littafi yana tafiya da baya.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa layin masana. Kalmar nan da kuka aiko mana, asalinta daga Latin..."

Bakin katakon ya daki sandar rumfar Tela. Rumfa ta sauko ta share gammon Baba. Baba ya koma tsawonsa na gaskiya. Katako ya karkata, kaya suka kama hanya. Galan ne ya fara sauka, ya fashe, mai ya malale layi. Ƙwai suka biyo shi, kiret bayan kiret, cikin tsari. Sannan farantaina, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin kukansa, ina jin su har cikin haƙorina. Ƙamus ya taka mai, ƙafafunsa suka yi sama, ya sauka a bayansa yana kan cewa "...anci." Buhun fulawa ya zo ƙarshe, ya bugi ƙasa a gaban shugaba, ya tashi kamar hayaƙi.

Da farin ya lafa, sai ga shugaba ta koma fara tun daga ɗankwali har takalmi, tabaranta kamar an shafe shi da alli. Ƙwai ɗaya ya samu akawu a fayil. Ƙamus yana kwance shame-shame, kuma a kan cikinsa ga kwanon miyata zaune da murfinsa, ko ƙwarzane babu.

Kasuwa gaba ɗaya ta taru. Ba mai motsi. Sai muryar Mai Robobi daga baya: "Roba dai ba ta fashewa."

Shugaba ta cire tabarau ta hure shi. "Mene ne wannan?"

"Kwamfot, ranki ya daɗe," in ji Ƙamus daga ƙasa.

Ta juya ga akawu. Akawu ya goge ƙwan da ke kan fayil ya matso.

"Ranki ya daɗe, ni na rubuta. Wancan zuwan da kika yi ne 'yan kasuwa suka yanyame ki har aka yaga miki gyale. Shi ne na ce su kama kansu, su natsu. Iyakar ma'anarta ke nan, yadda mutum zai riƙe kansa a gaban jama'a."

"Tambaye shi asalinta!" Ƙamus ya ɗaga yatsa daga kwance. "Ku tambaye shi!"

"Ni ban san asalinta ba."

"Kun ji! Jama'a ku shaida! Bai sani ba!"

"Asalin da ka faɗa daidai ne," in ji shugaba, tana kaɗe hannun riga. "Sai ka ci gaba da kwanciya a kansa." Ta dubi akawu. "Kwana huɗu ana kawo min labari layin nan ba ciniki, yau kuma na gani da idona. Rubuta. Su huɗun, layin ƙarshe, kusa da banɗaki."

Mai Ƙwai ta fashe da kuka. Tela ya zauna a kan abin da ya rage na rumfarsa. Ni kuwa sai na ji wani abu ya ɓalle a ƙirjina, maganar kwana huɗu ta taso gaba ɗaya.

"Albarka," na ce.

Shugaba ta waiwayo. "Me kika ce?"

"Na ce albarka, ranki ya daɗe. Kin taya, ban sallama ba."

"Baiwar Allah, ba ciniki muke yi ba."

"Matar yaya, kwam..."

"Kai, rufe min baki kafin in sayar da kai da littafin a kuɗin kofi ɗaya!" Na koma kan shugaba. "Shekara ashirin da biyu, ranki ya daɗe. Kwana huɗu kika ji labari, su ma ba ni ba ce, gawata ce aka zaunar a shago. Ki tambayi kasuwar nan wa ke sa mutum ya shigo sayen cokali ya fita da saitin aure. Ginin nan naku sabo ne, mai kyau. Ki sa bokiti a bakin ƙofarsa, duk wanda ya wuce zai ɗauka wurin wanki ne."

"Wa kike cewa wurin wanki?" in ji Mai Robobi.

"Ban kira suna ba, 'yar uwa, amma tunda kin amsa, sannu."

Mutane suka kwashe da dariya. Na ga gefen bakin shugaba ya motsa a ƙarƙashin fulawa.

"Baki kam akwai," ta ce. "To, ga abin da ya rage miki a duniya." Ta nuna kwanon da ke kan cikin Ƙamus. "Sayar da shi yanzu, a nan, cikin wannan ƙazantar. In kin sayar, kusurwa taki ce. In ba ki sayar ba, banɗaki."

"Kowa ya riƙe aljihunsa!" Mai Robobi ta daka wa jama'a tsawa. Suka riƙe kuwa, don kowa yana son ya ga ƙarshen wasan.

Na ɗauki kwanon, na goge shi da gefen zanena, na buɗe murfin na ƙwanƙwasa shi da farce. Ya yi ƙara siririya, mai tsawo. Sai na rungume shi na juya zan shiga shago.

"Ina za ki?" in ji shugaba.

"Na fasa, ranki ya daɗe. Ba ni banɗakin. Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Saboda me?"

"Kwanon da ya faɗo daga kan mutum huɗu, ya bi ta cikin mai da ƙwai, ya sauka a kan cikin da ba komai a ciki sai Latinanci, bai ko tsage ba? Kin gani da idonki. Irin wannan ba a sake yin sa. Gidan da ke da yara masu ɓarna ne kawai zai san darajarsa, kuma ban ga mai irin wannan gidan a nan ba."

"Ni jikokina biyar," in ji ta. "Ba su bar min ko kofi ba."

"Allah ya raya su. Ki saya musu roba, ga ta can."

"Kawo in gani."

"Gani kawai."

Ta juya shi, ta duba gindinsa, ta ƙwanƙwasa. "Nawa?"

Na faɗa. Ta ce kai! Ta taya rabi. Na karɓe kwanona na ce ashe fulawar har kunne ta shiga. Ta ƙara kaɗan. Na rantse da kabarin maigidana abin da ta taya ko kuɗin murfin bai kai ba. Ta ce ita ma 'yar kasuwa ce ta haife ta, ba za a yi mata wayo ba. Na ce to uwarta tana jin ta, kada ta ba ta kunya. Ta juya za ta tafi, na bar ta ta yi taku uku, ta dawo da kanta. Ta ƙara. Na rage abin da bai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba, don mutunci. Ta buɗe jaka.

Sai da kwanon ya shiga hannunta, kuɗin ya shiga ɗaurin zanena, sannan ta tsaya ta dubi kwanon, ta dube ni, ta dubi akawu. Akawu ya kau da kai. Kasuwa ta ɗauki ihu.

"Rubuta mata kusurwa," ta ce.

"Gyara fa, ranki ya daɗe?"

"Wace gyara kuma? Ni na saya!"

"Ai ni na karɓi shago, kuma ba na karɓar kaya ba gyara. Waɗannan ukun, layin gaba. Ba su da laifi sai na yarda da dangin mijina."

Ta yi dariya har fulawa na zuba daga kafaɗarta. "Layin gaba. Amma kafin la'asar in ga wurin nan kamar an lashe."

Suna wucewa Ƙamus ya miƙe, ƙwai na ɗiga daga sabuwar hularsa, ya gyara zaren tabarau.

"Matar yaya, kin ga amfanin ilimi? Ba don ni ba, da yaushe shugaba za ta san da zamanki? Ina ganin yanzu maganar saitin nan..."

"Ga shi can a ƙasa, duk naka ne," na ce, na miƙa masa tsintsiya. "Fara daga wajen Mai Ƙwai."

Yau wata uku ke nan ina shagon kusurwa. Ciniki sai godiya. Amma ba yawan masu saye ne ya fi burge ni da shagon ba. Fuska biyu gare shi, ana hango titi tun daga nesa ta kowane gefe. Duk ta inda Ƙamus ya ɓullo da littafi a hammata, ina da minti biyu cur na sauke ƙofa.